Raƙuman Kakan Alhaji

Asabar, 12 ga Afrilu, bayan la'asar

Tabawa ta ci. Na fara da wannan saboda shekarun da na yi a gidan jarida sun koya mini a fara da abin da ya faru, yadda aka ji ya biyo baya. Yadda na ji kuwa, tun daga buro, wato ofishin ƙungiya, har gida ina murmushi ni kaɗai cikin taksi, har direban ya tambaye ni ko haihuwa aka yi.

Tun da Ƙungiyar Abokan Tarihi ta ba ni sakatariyar wannan kyauta da muke ba gwarzon malamin tarihi na makarantun Yamai kowace shekara, ban taɓa ganin alƙalai sun haɗu a kan suna ɗaya ba sai yau. Bara sai da aka yi ta ja har magariba. Yau Mushe Ousmane, shugabanmu, wanda ya tsufa yana duba makarantu bai taɓa yabon malami a gabansa ba, shi ya fara ɗaga hannu. Ya ce, "Na shiga ajinta don in leƙa in fito, sai ƙararrawa ce ta fitar da ni."

Malama Tabawa Dauda ƴar kwantaragi ce a wata makarantar gwamnati a Koira Kano. Ajinta rufin kwano, yara sun yi wa bencina yawa. Bana ta tura su bibbiyu, da goro da sukari, zuwa tsofaffin gidajen unguwannin Maourey da Gaweye, su nemi babba a gidan su tambaye shi yadda danginsu suka zo Yamai, su ɗauki muryarsa a salula. In sun dawo, aji duka ya saurara. Dokarta ɗaya ce: duk wanda ya ba da labari sai an tambaye shi wa ya faɗa masa, kuma shi ganau ne ko jiyau. Na yi aiki da manyan ƴan jarida da ba su kai yaran nan kiyaye wannan doka ba.

Biki ran 10 ga Mayu, a zauren taron Alhaji Mijinyawa da ke Gaweye, bakin kogi, kamar kullum. Shi ke ba mu zauren, shi ke sayen na'urar da littattafan da ake ba gwarzo, shi ke miƙa kyautar da hannunsa. Mushe Ousmane zai je ya sanar da shi sunan, don girmamawa. Sauran jama'a sai ran biki.

Talata, 15 ga Afrilu, da rana

Zafi. An ɗauke kuran tun safe, ba wutar lantarki ko'ina a unguwa. Na rubuta rabin jawabin yabon Tabawa da hannu, kuma ya yi kyau.

Alhamis, 17 ga Afrilu, da hantsi

Mushe Ousmane ya kira ni ina wanke shinkafa. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba, daga nan na san akwai magana.

Ga abin da na tabbatar daga bakin mutum biyu, shi da direktan makarantar. A makon jiya makarantar ta gayyaci iyaye su ji aikin yaran. Cikin muryoyin da aka saka akwai ta Hajiya Haoua, yayar Alhaji Mijinyawa uwa ɗaya uba ɗaya. Wani cikin iyayen ya ɗauka a salularsa, ya tura wa abokinsa a Babbar Kasuwa. Yanzu babu rumfar da ba ta ji ba.

Na saurari muryar. Tsohuwa ce mai magana a natse, tana dariya tsakanin jimloli. Ta ce kakansu da ƙafa ya shigo Yamai, da ƙunshin kanwa a kansa, ya kwana a bakin kogi cikin masu wanki, wata Bazabarma mai sayar da kopto, kwaɗon zogale, ta ciyar da shi har ya samu dako a kasuwa.

Duk wanda ya taɓa zuwa buki a gidan Alhaji ya ji ɗaya labarin: kakansu madugu ne, ya taso daga Damagaram da ayarin raƙuma, ƙurarsu ta rufe gari. Akwai hoton raƙumi a jikin manyan motocinsa. Yanzu in ya shiga kasuwa abokan wasansa sai su ce, "Alhaji, ina aka ɗaure raƙuman, a ba su ruwa?"

Mushe Ousmane ya je kai masa sunan gwarzo ne a daidai ranar da aka fi yi masa tsiya. Alhaji ya ji sunan, ya tambayi makarantar, ya ce a maimaita. Sannan ya ce a ba wani malami, ko kuma mu nemi zaure da mai miƙa kyauta a wani wuri.

Na ce, "Mushe, me ka ce masa?"

"Na ce za mu duba."

"Me za mu duba? An yi zaɓe."

"Sa'adatu, ke kullum kamar kina gaban makirfo."

Juma'a, 18 ga Afrilu, bayan magariba

Maigidana, Baban Nazifi, shi ke riƙe da lissafin magazan Alhaji, babban shagonsa na kaya, tun kafin aurenmu. Yau ya dawo ya ce ya ci abinci a waje. An yi magana a ɗaki. Ba zan rubuta ta ba.

Asabar, 19 ga Afrilu, da azahar

Taron alƙalai. An kawo shawara uku, dukansu fuska ɗaya. Ta farko a ɗaga bikin zuwa bayan damina, "hankali ya kwanta". Ta biyu a ba na biyu kyautar, a ba Tabawa takardar yabo. Ta uku a ce bana ba a samu wanda ya cancanta ba.

Na bar su suka gama. Sannan na ce zan rubuta rahoton taron kamar yadda na saba, kowace shawara da sunan mai ita, kuma dokar ƙungiya ta ce ana karanta rahoto a babban taro gaban malamai. Ban ɗaga murya ba. Mai shawara ta uku ya ce shi tambaya kawai ya yi. Mai ta biyu ya ce zafi ne ya sa ba a fahimce shi ba.

Mushe Ousmane ya cire tabarau ya goge. Ya ce, "Ni ban ce a ƙwace mata ba. Amma kin san in Alhaji ya janye, sauran ƴan kasuwa ba mai ba mu ko kujera. Ba Tabawa kaɗai ba, kyautar ce za ta mutu."

Gaskiya ya faɗa, na kuma faɗa masa haka. Na nemi a ba ni zuwa farkon Mayu kafin a taɓa sakamakon. Sun yarda, kowa na murna an ɗora wa wani.

Na fito ina jin ƙarfi. Sunanta yana nan a inda muka rubuta shi.

Lahadi, 20 ga Afrilu, da safe

Ya ci a waje.

Talata, 22 ga Afrilu, bayan tashi daga makaranta

Na sami Tabawa a ajinta tana goge allo. Ƴar siririya ce, alli har a gefen mayafinta. Dole na faɗa mata abin da bai kamata ta sani ba sai ran biki, don direkta ya riga ya kira ta sau biyu yana tambayar wa ya ba ta izinin tura yara gidajen mutane.

Da ta ji ta ci, ta zauna a bencin yara ta rufe baki da hannu. Da ta ji sauran, ta sauke hannun.

Ta ce, "Anti, ku ba Mushe na biyun. Yana da iyali, kuma shi ba ya tura kowa ko'ina."

"Kin yi ƙarya a aikin?"

"A'a."

"Yaran sun ƙara wa tsohuwa magana?"

"Ko tari ba su cire ba."

"To ba ki da abin janyewa. Wa kika tura gidan?"

"Anisa da ƙawarta. Anisa unguwarsu ce."

Ta ce abin da ya fi damunta yaran ne. Sun ji ana cewa aikinsu ya jawo wa Madam fitina, wasu sun fara goge muryoyin da suka ɗauko. Ta hana su. Ta ce musu murya amana ce, ba a goge ta don wani ya yi fushi. Na rubuta wannan a gefen jawabina.

Alhamis, 24 ga Afrilu, da hantsi

Yau hutu. Na je Maourey wurin Hajiya Haoua. Na tafi da shirin yaƙi: a raina Alhaji mai dukiya ne da ke son rufe bakin tarihi, har na fara tsara kanun labarin da zan ba tsofaffin abokan aikina. Na dawo na ajiye shi.

Gidan tsoho ne, da rumfa a ƙofa inda Alhaji ke zama da mutanensa bayan la'asar. Na wuce rumfar ba wanda ya tambaye ni, mace ce ni. Hajiya tana kan tabarma tana ɓare gyaɗa, ta haura tamanin, idonta tar.

Ta ce, "Ke ce ta radiyo da? Muryarki ta fi ki jiki."

Na tambaye ta yadda yaran suka zo.

"Kamar yadda kika zo. Mijinyawa na zaune a rumfa, suka durƙusa suka gaishe shi, suka shigo. Har ya aiko musu da ruwan sanyi, yana tsammani ƙawayen jikokinsa ne. Suka ce malamarsu ta ce su nemi babba a gidan. Wa ya girme ni? Ni na goya shi."

A nan na gane. Da maza Tabawa ta tura, da a rumfa za a tsayar da su, don namiji baƙo ba ya wuce ƙofa. Da an zaunar da su gaban maigida, ya ba su raƙumansa, su tafi. Ƴan mata ta tura, ƴan mata kuwa ba a tambayarsu ina za su. Suka wuce maigida yana kallo, suka ɗauko labarin gidansa daga cikin gida, shi kuma bai ji ba sai a bakin ƴan kasuwa.

Na ce, "Hajiya, kin san ya yi fushi?"

"Ya daina shigowa gaishe ni, sai ya aiko da nama. Naman ma ya fi na da yawa." Ta yi dariya. "Ƴata, ni kakan nan na zauna kusa da shi, na ci a kwanonsa. Bai taɓa ce mini madugu ne shi ba. Kunyar me? Ya ɗauki kaya, ya gina gidan nan da muke ciki."

Ta cika mini leda da gyaɗa, ta ce in gaishe da malamar.

Asabar, 26 ga Afrilu, bayan la'asar

Na je rumfa, ta ƙofar da ta dace. Na aika aka yi mini iso, na tsaya har ya sallami mutanensa, na gaishe shi a durƙushe kamar matar yaronsa, don ita ce ni.

Ya ce, "Sa'adatu, mijinki mutumin kirki ne. Ba ya yawan magana."

"Shi ya sa ya auro mai yi masa, ranka ya daɗe."

Bai yi dariya ba, amma ya nuna mini tabarma.

Ya ce, "Ni ban hana a koyar da tarihi ba. Wa ya fi ni kashe wa tarihi kuɗi a garin nan? Amma gida yana da ƙofa. Ina zaune a nan suka wuce ni. Na ba su ruwa. In ana son labarin gidan Mijinyawa, Mijinyawa ya mutu ne? Yanzu yaron da na koya wa ɗaure buhu yana tambayata raƙuma. Sannan in tashi gaban jama'a in miƙa kyauta ga wadda ta jawo mini wannan, ana tafi?"

Na ce ya yi gaskiya a kan ƙofa, kuma malamar ba ta yi da gangan ba, babba ta ce a nema, ba ta tuna cewa babba da maigida ba kullum suke mutum ɗaya ba. Sannan na faɗa masa yadda muke yi a jarida. In an ambaci mutum ba a ji ta bakinsa ba, yana da haƙƙin amsa. Ana ba shi fili daidai da wanda aka ba wancan, a wurin da aka yi maganar, gaban waɗanda suka ji ta.

"A radiyo?"

"A aji, Alhaji. Can aka fara sakawa. Ka zo ka ba yaran naka labarin, su ɗauka kamar yadda suka ɗauki na Hajiya. Ran biki a saka duka biyun."

"Ni in zauna a benci?"

"Za a kawo kujera. Amma akwai sharaɗi. Za su yi maka tambayoyin da suka yi mata."

"Yara za su tuhume ni."

"Ta amsa, ranka ya daɗe, kuma ta girme ka."

Ya daɗe yana kallon titi. Ya ce zai yi tunani. Da na tashi ya ce, "Ta ce miki ita ta goya ni, ko? Kowa sai ta faɗa masa."

Talata, 29 ga Afrilu, da yamma

Shiru. Mushe Ousmane ya kira sau biyu. Na ce masa shiru ba a'a ba ne. Ni ma ban san ko haka ne ba.

Alhamis, 1 ga Mayu, da safe

Na je na duba filin makarantar Tabawa, ko da za mu yi bikin a can. Akwai inuwar dogon yaro guda biyu. In ta kama, ƙarƙashinsu za a miƙa mata, ko da littafi ɗaya ne daga ɗakina.

Asabar, 3 ga Mayu, bayan magariba

Baban Nazifi ya shigo ya zauna ya ce a zubo masa. Yana cikin ci, bai ɗago ba, ya ce, "Alhaji ya ce Talata. Ya ce kujerar ta zama mai hannu." Ya ƙara tuwo.

Talata, 6 ga Mayu, da la'asar

Zan rubuta wannan a tsanake, don ina so ya zauna yadda ya faru.

Ya zo da babbar riga fara da mutum uku a bayansa. Direkta ya ba da kujerar buronsa. Tabawa ta tarbe shi a ƙofar aji, ta durƙusa, ta ce, "Alhaji, na tura yara gidanka ban bi ta wurinka ba. Ka yi haƙuri." Ya ce, "Ya wuce," da muryar da ke nuna bai wuce ba. Yara suka miƙe suka gaishe shi. Anisa ta kawo goro da sukari ta ajiye gabansa, kamar yadda suke yi wa kowa, ta kunna salula.

Ya iya ba da labari, wannan ba a ƙwace masa. Ya taso da ayarin daga Damagaram, ya ratsa da shi Maradi da Ƙonni da Dosso, ya kwatanta ƙararrawar wuyan raƙumin gaba da yadda mata ke fitowa kallo. Yaran sun yi tsit. Ni kaina na ga ƙurar.

Da ya gama Anisa ta ɗaga hannu.

"Baba Alhaji, wa ya faɗa maka?"

"Kowa ya sani."

Ta waiwayi Tabawa, Tabawa ta kalli allo. Yarinyar ta juyo ta ce, "Madam ta ce kowa ba suna ba ne."

Ɗaya daga cikin mutanensa ya motsa, Alhaji ya ɗaga masa hannu.

"Isaka. Maroƙin gidanmu, Allah ya jiƙansa."

"Shi ganau ne ko jiyau?"

"Isaka? Sa'ana ne. Tare muka yi wasan ƙasa."

Wani daga baya ya ce, "Raƙuman nawa ne, Baba?"

"Ran aurena na fari ya ce arba'in." Ya tsaya. "Da na dawo daga Makka sun zama ɗari." Ya sake tsayawa, sai na ga gefen bakinsa yana rawa. "Ran da na buɗe magaza na biyu, har da dawakai."

Shi ya fara dariyar. Ya yi ta har ya cire hula, yaran suka bi shi, direkta da ke laɓe a taga ya bi su. Ni ban yi ba, ina jiran abin da zai biyo bayan dariyar, don na sha ganin manya sun yi dariya a gaban jama'a sun huce a kan na ƙasa daga baya.

Tabawa ta raba allo biyu. Ta rubuta Hajiya Haoua a dama, ganau. Ta rubuta Isaka a hagu, jiyau. Ta ce wa yaran labarin maroƙi ba shara ba ne: yana nuna mana yadda gidan ya ɗaukaka, don ba a ƙara wa matalauci raƙuma. Sannan ta juyo ta ce, "Alhaji, ka riski kakan naka?"

"Ina ƙarami ya rasu."

"Ba abin da aka faɗa maka ba. Me ka gani da idonka?"

Hular na kan gwiwarsa. A hankali ya kai hannu tsakiyar kansa.

"Nan. Gashi ba ya fitowa a nan. Wurin ya yi tauri kamar tafin ƙafa. In ya cire rawani zai yi alwala, nakan hau bayansa in danna da yatsa, in ce Kaka me ya cinye maka gashi. Sai ya ce, abincinku ne." Ya sauke hannun. "Wuyansa ma bai miƙe ba har ya mutu. Na manta da wannan. Wallahi na manta."

Tabawa ta ɗauki alli ta rubuta a dama, ƙarƙashin sunan yayarsa: Alhaji Mijinyawa, ganau.

Ya karanta. Ya mayar da hularsa, ya gyara riga, ya ce wa Anisa, "Kin ɗauka duka? Har na kan?" Ta ce e. Ya ce, "Kar a yanke." Ya ɗauki goronsa da sukarinsa da kansa, bai bar wa mutanensa ba.

A bakin mota ya ce mini, "Ki faɗa wa Ousmane a ƙaro kujeru. Zan gayyaci ƴan kasuwa."

Laraba, 7 ga Mayu, da safe

Mushe Ousmane ya ce shi tun farko ya san haka za ta ƙare. Na bar masa. Na gama jawabin.

Asabar, 10 ga Mayu, bayan magariba

An miƙa wa Tabawa kyautarta a zauren Gaweye, da hannun Alhaji Mijinyawa, gaban malamai da iyaye da rabin Babbar Kasuwa.

Kujerun da aka ƙaro ba su isa ba. Ƴan ajinta sun zo cikin kayan makaranta sun tsaya jikin bango. An buɗe tagogin da ke kallon kogi, iska ta shigo, kuran bai ɗauke ba ko sau ɗaya. Na karanta jawabina ban yi tuntuɓe ba. An saka muryar Hajiya, aka saka ta Alhaji. Da aka zo wurin dawakai zauren ya kece da dariya, da aka zo wurin kan kakansa masu dariyar suka sunkuyar da kai. Da yawansu, in an bincika, kakanninsu ma da gammo suka fara.

Alhaji bai yi dogon jawabi ba. Ya ce, "Masu tambayata ina na ɗaure raƙuma, ga amsa: ban gada ba, ni na saya, masu taya goma. Kakana kansa ya ɗaura wa kaya. Malama, zo ki karɓa. Baɗi ki turo yaran gidan Alhaji Aminu, ina so in ji da me nasa ya zo." Alhaji Aminu, babban mai yi masa tsiya, ya ɗaga hannu biyu yana neman afuwa.

Tabawa ta karɓa da hannu biyu. Ta gode wa alƙalai da direktanta, ta kira ƴan ajinta su hau su tsaya tare da ita, hoton ya cika da kawuna har ita ba a ganinta sosai. Malamai uku daga wasu makarantu sun tare ta a ƙofa suna tambayar yadda ake tsara fitar yaran. Na ji tana ce musu, "Ku fara da gaishe da maigida."

Hajiya Haoua tana layin gaba, an kawo ta a motar Alhaji. Da jama'a suka fara watsewa ta yafito ni. Na durƙusa kusa da kujerarta.

Ta ce, "Ya yi kyau. Mijinyawa ya yi magana kamar babba." Ta matso da bakinta kunnena. "Amma raƙumi akwai."

Na ce, "Hajiya?"

"Ɗaya. Da shi ya baro Damagaram, da asuba, mai shi yana barci. Ya sayar a Ƙonni ya sayi kanwa, ya ƙaraso da ƙafa. Kin taɓa jin ya koma gida ko da gaisuwar mutuwa?"

"Me ya sa ba ki faɗa wa yaran ba?"

"Yadda ya shigo Yamai suka tambaye ni. Ba wanda ya tambaye ni yadda ya bar Damagaram."

Na kalli Alhaji can bakin ƙofa, yana ta karɓar hannu, fuskarsa kamar ango. Na ce, "Shi ya sani?"

Ta gyara mayafinta, ta miƙo mini hannu in tashe ta.

"Bar shi ya huta bana."